Kuɗin Kwana

Ban taɓa ganin teku ba.
Ruwa mafi faɗi da idona ya sani
tabkin Madarunfa ne,
sai Gulbi in ya cika ya tumbatsa.
Amma teku ta san sunana,
ta san lambar wayata,
har lissafi take aiko mini.

Injin ban-ruwa ɗari biyu da arba'in
na sayo wa masu lambun Jiratawa.
Sun ba ni kafin alƙalami,
wani da kuɗin albasar bara,
Gonda kuwa akuyarsa ya kai kasuwa.
Jirgi ya iso Lome ran Talata,
ya tarar da ƴan'uwansa sun yi cirko-cirko
kamar garke biyar a bakin rijiya guda.

Da ƙyar aka sauke kwantenata.
Sai ga wayar Iliya tiranziter:
"Alhaji, a takardar jirgi Shuaibu kake,
a ta duwan kuma Chaibou.
Sun ce ku biyu ne."
Na ce rago ɗaya aka yanka mana.
Bai yi dariya ba.

Kwanakin kyauta suka zube
kamar gero a buhun da ɓera ya huda.
Akwatin ƙarfe ne fa,
ba ya cin tuwo, ba ya neman tabarma,
sauro ba ya cizonsa,
amma kwanansa biyu
ya haɗiye hayar shagona ta wata.
Mako ya juyo, kuɗin ya hau.
Da aka gyara sunan, babu kamyo.
Da aka samu kamyo, direba na Dori
yana jiran rakiya.

Ɗiyata Tsahara ke riƙe littafi.
Kullum bayan lisha takan ja layi ɗaya,
ba ta cewa komai.
Na ƙirga su daga baya: ashirin da uku.

Kaya sun shigo Maraɗi
ranar da tumatir ya gama mutuwa.

Yanzu na yi hankali, ko in ce an sa ni.
Ba na bari jirgi ya ɗaga
sai mun ja da kamfani kan kwanakin kyauta
kamar masu cinikin sa,
su ce bakwai, in ce albarka,
sai an rubuta, don baki ba ya tsayawa gaban duwan.
Tsahara na bin sunana harafi-harafi
da yatsa, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Takardu kan riga kaya isa.
Kuɗin fito na kwana a hannun Iliya
tun jirgi na tsakiyar ruwa,
mai kamyo kuma na san sunan uwarsa
kafin in buƙace shi.
Kayan azumi tun Rajab bai kama ba nake kira,
lokacin da maƙwabtana ke cewa na cika gaggawa.
In hanya ɗaya ta cushe,
ina da lambar wata tashar a aljihu,
ko da ta fi nisa.

Abin da ba wanda ya gaya mini:
ko an kwashe kaya, akwatin na ci.
Wofi ma bako ne mai tsada.
Ranar da aka sauke, ranar nake sallamarsa,
ko ruwa ba na ce ya sha.

Gonda fa?
Ya karɓi injinsa, ya shafa, ya rufe da buhu,
ya ce baɗi ma rana ce.
Na sayo akuya na kai masa.
Ya duba haƙoranta, ya dube ni,
ya ce tasa ciki gare ta.

Har yau ina binsa da ɗan akuya.
Wannan kam ba ya ƙaruwa da kwana,
shi ya sa ya fi hana ni barci.