Rarrafen Asuba

Kafin iyaye mata su fara ƙwanƙwasa ƙofa,
kafin 'yan kabu-kabun Jega su cika hanyar kasuwa,
nakan tuɓe takalmi, in ɗaure zane,
in durƙusa, in rarrafa.
Shekara hamsin da biyu,
gwiwa na kuka kamar tsohon ƙyaure,
amma na tsaye ba ya ganin abin da mai rarrafe ke gani.

Daga nan ƙasa duniya daban take.
Kusurwar tebur na jiran goshi, daidai goshi.
Ramin soket ido biyu ne masu kiran yatsa.
Murfin kwalba abin ci ne.
'Ya'yan dogon yaro da iska ta kaɗo cikin dare,
rawaya, masu santsi,
girmansu girman maƙogwaron Barira.

Na sa Mande kafinta ya goge kowace kusurwa
har ta koma kamar bakin ƙwarya.
Ya ce, "Inno, tebur mai kyau kike ɓatawa."
Na ce, "Nawa ake ɗinkin goshi a asibiti?"
Ya sunkuya, ya ci gaba da guga.

Sakata na ɗaga ta har kafaɗata
tun ranar da Marwana ya gano amfanin bokiti.
Randa na bayan katanga,
da murfi, da dutse a kan murfin.

Gindin katangar gabas, inda inuwar safe ke daɗewa,
nan na shimfiɗa wa masu rarrafe.
Tsakiya yashin gulbi ne,
na tankaɗe shi da rariya kamar garin tuwon baƙi.
Lilo na can ƙurya shi kaɗai,
tsofaffin tayoyi binne rabi sun tare hanyarsa,
don lilo bai san sunan kowa ba.
Shingen da ya raba su iyakarsa gwiwata.
In na zauna kan turmi a bakin zaure
kawuna goma sha huɗu ne cikin idona.
Ina ƙirga. Ina sake ƙirgawa.

Sai wata Laraba Barira ta yi shiru.
Shirun yaro ya fi kukansa ban tsoro.
Tana zaune cikin yashi, kunci ɗaya a kumbure,
tana kallona kamar mai riƙe da amana.
Na durƙusa, na yi mata dariyar da ba ni da ita,
na buɗe tafi, na ce, "Ba Inno."
Ta tofo.
Jan dutse, jiƙe da yawu.
Hannuna ya tafi wuyana da kansa.
Zaren tsakiyar da gyatumata ta bar min ya tsinke,
ban ji ba.

Na share gida, na toshe rami, na ɗaga sakata,
ashe abin tsoron na rataye da shi nake yawo.

Talatin da uku ne, na san adadinsu.
Na kwashe yara ɗaki, na koma ga rariya.
Talatin da biyu kafin la'asar.
Na ƙarshen sai da magariba
ya faɗo daga haɓar zanena.

Da uwarta ta dawo daga rumfar shinkafa
na faɗa mata duka, ban rage ba.
Ta goya 'yarta, ta tafi, ko sallama babu.
Daren nan ban san barci ba.

Da safe ƙwanƙwasar farko tata ce.
Ta kwance goyo, ta miƙo min Barira,
ta dubi wuyana fayau,
ta dubi ƙurar da ke gwiwata,
ta ce, "Ba ta sha kunu ba tukuna."