Matsar Riɗi a Gadarif

An ɗauke wuta tun magariba.
Na jawo gadon igiya tsakar gida,
Ramlatu ta biyo ni da littafinta,
wai gobe jarrabawa, wai har yanzu ba ta gane
yadda tauraro ke zama rami ba.

Na ce, rufe littafin.
Kin san matsar riɗin nan ta bayan kasuwa?
Raƙumi da tsumma a ido yana zagaye turmi
tun hantsi har la'asar, bai je ko'ina ba.
To, akwai taurarin da ake haifa biyu-biyu
daga gajimare guda,
kowa raƙumi ne, kowa turmi ne ga ɗan'uwansa.

Babban shi ne mai gaggawa.
Ya yi nauyin ranarmu arba'in,
sai ya hau cin guzurinsa kamar ana korarsa.
Shekara miliyan ƙalilan, ya kumbura,
rigarsa ta yi masa yawa, ta zubo,
ƙanen ya tara hannu, ya yi ƙiba da ita.
Daga nan murhun ya kai ga ƙarfe.
Ƙarfe kuwa ba itace ba ne.
Kafin ƙiftawar ido ginin ya rufta ciki,
ya rufta, ya yi ta ruftawa
har haske ya nemi ƙofa ya rasa.

Ta ce, ya mutu ke nan?
Na ce, nauyinsa bai mutu ba.

Sai na yi shiru, don Kawu Barmo ya faɗo mini a rai.
Shekara tara da rasuwarsa,
amma Kawu Mato in ya dafa jabana
har yau finjali biyu yake jerawa,
kuma yakan kauce a bakin zaure
kamar wani zai shige.

Ta taɓa ni: Inna, ƙanen fa?

Shi ma ranarsa na zuwa.
Zai kumbura har ya lulluɓe ramin cikin rigarsa,
ramin ya riƙa jan ƙafa a ciki
kamar mai ratsa baƙar lakar garin nan da damina,
kowane taku na matso da shi kusa.
In an yi sa'a rigar ta yaye, ta watse,
sai ƙanen ya rufta shi ma.
Duhu biyu ke nan suna zagaye juna,
ba fitila, ba mai kallo.

Kowane zagaye yana yamutsa sarari
kamar tabarmar da yaro ya yi birgima a kai,
yamutsin kuma da ƙarfinsu yake tafiya.
Taƙi ɗaya yau, taƙi ɗaya bayan zamanai.
Shekaru biliyan suna wannan haƙurin,
sai a daƙiƙar ƙarshe su haukace da gudu,
su haɗe,
rami ɗaya, wanda bai kai jimillar biyun ba.
Gibin ya zama girgiza, ta kama hanya.

Tana iso mu, ta gaji.
Ta ratsa dutse, ta ratsa rumbun dawa, ta ratsa ni da ke,
ko ƙwayar riɗi ba ta motsa ba.
Sai wasu dogayen bututu masu zaren haske, can wata ƙasa,
su ke jin ta: ɗan cuwit, kamar na tsuntsu, shi ke nan.

Ramlatu ta daɗe tana kallon sama.
Ta ce, raƙumin dai ana kwance shi da yamma.
Su wa ke kwance su?

Ban da amsa.
Ina lalube, wuta ta dawo,
firji ya yi gyaran murya,
rabin taurarin suka ɓace.
Ta buɗe littafinta.
Ni kuma na tashi neman kwalbar da zan aike ta da ita gobe
wurin Kawu Mato, a auno mana mai.