Numfashin Dunƙule

A Gwarinpa nake gadi,
gida mai baƙar ƙofa da mangwaro ɗaya.
Ranar da Madam Rifkatu ta sauko da shi daga mota
na ɗauka matashin kujera ne ya yi ƙafafu.
Fuska kamar an taka malmalar tuwo da diddige,
hanci ya nutse tsakanin idanu biyu.
Na ce, wa ya yi masa wannan aika-aika?
Ta yi dariya, wai haka ake son su.

Wata huɗu ban taɓa shi ba.
In ya doso sai in janye butata,
shi kuwa ya zauna nesa yana minshari ido biyu
kamar tsohon janareto da ya sha gurɓataccen mai.

Sai bazara ta kankama.
Abuja in ta yi fushi, kwalta ma gumi take.
Madam ta tafi biki, aka ɗauke wuta tun hantsi,
yaron gida ya ja shi yawo da rana tsaka, igiya a wuya,
wai a motsa jini.
Suna dawowa Dunƙule ya zube bakin famfo.
Harshe waje, ya yi shuɗi kamar an tsoma a baba,
haƙarƙari na tashi na faɗuwa kamar zugazugin maƙeri,
iska na shiga da ƙyar, tana fita da fito.

Na san wannan sautin.
Haka Jatau ƙanena ya yi a ɗakin Inna
daren da fuka ta shaƙe shi, mota ba ta zo ba.
Shekara goma sha ɗaya ban ƙara jin sa ba
sai yau, a maƙogwaron kare.

Ban san sanda na tsuguna ba.
Na kwance igiya, na kai shi inuwa,
na juye masa ruwan randa a ciki da hammata da tafin ƙafa,
na yago kwali ina fifita.
Yaro zai ɗura masa ruwa a baki,
na ce bari, wanda ke neman iska ba a cika masa maƙoshi.

Mai keke ya ce ba ya ɗaukar kare.
Na ninka kuɗi, kare ya zama fasinja.

Dokta Kyauta ta haska hancin da tocila,
ƙofofin kamar kafar allura.
Ta ce, kai da ni fata ke zubar mana da zafi,
shi da haki yake fitar da nasa,
ga shi an gajarce masa hanya tun kafin a haife shi.
Mu muka so fuskar, shi ke biyan bashin.
Ta ce yawo sai da sassafe ko bayan magariba,
ɗamara a ƙirji, a bar wuya ya huta,
a rage masa kwano, ƙiba ma shaƙa ce,
kada a bar shi a mota ko na minti biyar.
In fiton ya ƙaru, akwai aikin buɗa hanci.

Madam ta dawo, ta yi kuka, ta ba ni dubu biyar.
Rabi na mai keke ne, ban faɗa mata ba.

Yanzu ni ke fita da shi bayan asuba,
kafin rana ta leƙo bayan duwatsu.
Nakan ɗora bayan hannu a kwalta tukuna,
in ta cije ni, mu koma.
Ba ma nisa. Daga ƙofa zuwa mai shayi,
in ya tsaya, in tsaya.

Har gobe ina janye butata.
Amma akwai kasko a gindin mangwaro
wanda ba ya bushewa.
Da dare ina kan benci, tocila a cinya,
minsharinsa na zuwa ta tagar kicin.
Da can shi ke hana ni gyangyaɗi.
Yanzu in ya yi shiru ne
nake tashi in leƙa.