Famfon da Ban Rufe Ba

Ƙarfe biyun dare a Garin Malam.
Kuran ya tafi, kwamfuta na cin ragowar batir,
ni kuma ina farautar abin da ya ƙi mutuwa.

Manhajar ƙarama ce, ni na rubuta ta:
tana faɗa wa mutum in ruwa ya iso famfon unguwa,
ko Karkada, ko Birni, ko Sabon Gari,
don kada mai jarka ya sha rana a banza.

Jiya Abarshi ɗan garuwa ya tare ni bakin Kasuwar Dole,
ya ɗora wayarsa a tafina kafin gaisuwa.
"Taɓa ki ji. Waina kike toyawa a ciki?
Da hantsi na cika ta, kafin azahar ta suma.
Kuma ruwa sau ɗaya ya zo,
ita ta yi mini kuka sau bakwai."

Bisa kabu-kabu na yi lissafin.
Sau bakwai ya buɗe shafin, sau bakwai ya fita.
Duk shiga ina tsayar da ɗan aike a bakin ƙofa,
in ce: kasa kunne, in labari ya zo ka yi kira.
Duk fita kuwa ban sallami kowa ba.
Suna nan su bakwai a zauren da aka kulle,
suna cin tuwon mai gida,
kowa riƙe da gefen rigar shafin da ya shuɗe,
mai shara ya zo da tsintsiya, ya ga hannu a kai,
ya ce da mai shi, ya wuce.

Akwai wanda ya fi wannan.
In ka kwantar da waya a gicce,
kai gani kake hoto ne ya gyara kwanciya.
A'a. Rasuwa aka yi, aka yi suna, cikin ƙiftawar ido.
Sabon ya ɗauko kamannin tsohon har da tabo.
Sai amsar da marigayi ya aika a karɓo
ta dawo a makare, tana haki,
ta yi sallama a ƙofar da babu,
ta miƙa saƙo ga hannun da babu,
komai ya kife.

Na koyi buɗewa da kyau.
Wata shida ina ƙawata shiga:
shuɗin maɓalli, ɗigon ruwa mai rawa.
Ban ba fita ko yini guda ba.

Inna Tsahara, Allah ya ji ƙanta,
ba ta kwanciya sai ta zaga tsakar gida da cocila
ta murɗa kan famfo, busasshe, kwana tara ba ɗigo.
Mu yi ta dariya: me kike rufewa, iska?
Ta ce ruwan Damagaram ba ya sallama.
Cikin dare yake zuwa kamar mai bin bashi,
wanda ya bar baki buɗe, ƙasa ya yi wa ɗiba.

To, ga layi uku a ƙasan shafi.
In za a fita: sallami ɗan aike.
Tsayar da agogo.
Amsa in ta zo ba ta tarar da kowa ba, ta koma.

Na gwada a wayar ƙanena Zabairu mai tsagaggiyar fuska.
Buɗe, rufe. Buɗe, juya, rufe.
Har bakwai, na ƙara ɗaya don Abarshi.
Na aika ruwan ƙarya.
Kuka ɗaya.
Na jira na biyu, na jira, sauro kaɗai ya amsa.

Bayan wayar da sauran ɗumi kaɗan.
Wani na ɓoye har yanzu, ban san ɗakinsa ba.
Gobe.

Can waje bututu ya fara tari.
Na fita ba takalmi.