Kwalabe Biyu daga Jiratawa

Ƙarfe sha ɗaya aka aje su gabana,
kwalabe biyu, suna a jikin filasta:
Tsahiru. Nayusa.
Uwa ɗaya, uba ɗaya, tabarma ɗaya,
kanal ɗaya suke nufa in an taso lakwal,
inda dodon koɗi ke liƙe da siminti
yana sakin abin da ido ba ya gani.

Fitsarin Tsahiru kamar zoɓon da aka surka.
Na ƙanen garau.

Na tace, na ɗiga, na sunkuya kan madubi.
Ga su birjik,
kowane ƙwai da tsini guda a gindi
irin na ƙayar aduwa.
Na ƙirga saba'in da huɗu, na bari.
A na Nayusa sau uku na zaga gilashin:
biyu.

Uwarsu Habsu na bakin taga,
yajin tattasan gona bai bar zanenta ba.
"Malama, ruwan ɗaya ne.
Me ya sa tsargiya ta zaɓi babban?"

Na so in ce mata:
a kowace ƙwayar jikin ɗanki akwai rumbu
cike da irin gado,
wani naki, wani na kakan da ba ki riska ba.
Ba duka ake shukawa ba.
Sai ranar da tsutsa ta huda fata ta shiga
jiki ke kwance bakin rumbun,
a ce wannan damin a fitar,
wancan a bar shi ɗaure.
Rumbun wa da na ƙane kuwa
ko gini ɗaya ne, ba awo ɗaya ba.

Na san masu fitowa in an yi kiran.
In na shafa jini na zuba rini
su ne ke shan ja,
kowace da 'yan buhunan dafinta.
Tsutsa ta fi ƙarfin haɗiya,
sai su yi mata rubdugu
kamar kwarkwasa a kan maciji.

Ita ma ba yau ta fara ba.
Rigar mai gida take ara ta sa,
ta bi masu gadi da rarrashi
har su jingine sanduna.
Mace da namiji, rungume cikin jijiya,
shekara biyar ba haya, ba sallama.

Ƙwan da ya maƙale a mafitsara
jiki ya kewaye shi da katanga,
ya ƙara wata, ya ƙara wata,
har ɗakin ya rasa wurin shimfiɗa.
Babana haka ya yi ta gini a ciki
shekara talatin, yana ban ruwan albasa.
Wanda ya kare shi, shi ya ƙuntata shi.

Duk wannan na tara a baki,
ina neman Hausar da zan sauke shi,
sai Nayusa ya ja gefen zanen uwar,
ya ce da ƙasa, ba da mu ba:
"Ni ban iya iyo ba.
Riguna nake tsare musu."

Habsu ta tuntsire da dariya.
Na mayar da rumbuna na rufe.

Aka jingina su da sandar awo,
tsawo ke faɗin yawan ƙwaya:
biyu da rabi, ɗaya da rabi.
Na ce a ba su fura tukuna, maganin ba ya son cikin wofi.
Tsahiru ya haɗiye, ya yamutsa fuska,
ya tambayi ko Juma'a zai iya komawa ruwa.

Da la'asar na wanke gilasan.
A rajista na rubuta saba'in da huɗu da ɗoriya,
na rubuta biyu.
Sai dai biyun nan sun bi ni har Bagalam:
mai tsaron riguna,
yaushe ya tsoma ƙafa?