Minti Goma Sha Ɗaya

Gidan Orfelina na can ƙolin tudu,
inda Valparaíso ke leƙen teku ta kan kafaɗa.
Na hau akwatin ƙarfen nan da igiya ke ja,
sauran na ƙarasa da ƙafa,
matakala tamanin da biyu,
takardu biyu a aljihun ƙirjina.

Shekara talatin tana koyar da lissafi
kafin ta koma awon sama.
Ba turare a ɗakinta, ba kyandir,
sai ma'aunin kusurwa da ya tsage a gefe,
jan biro, shuɗin biro,
da kyanwa kwance kan kundin taurari.

Ta zana da'ira, ta yanka ta goma sha biyu
kamar mai rabon burodi a gidan yawa.
"Inda tauraro ya zauna, rabin zance ne," in ji ta.
"Wa yake kallo? Da wane ido?"

Ga Wata, ga Zuhal, daraja casa'in tsakani.
Ta ja layi ja.
"Wannan harara ce.
Maƙwabta ne, katangarsu ɗaya, ba ko sannu.
Mai wannan, da ruwan sanyi yake haɗiye kukansa."
Na gyara zama.

Mushtari da Zahra, ɗari da ashirin: shuɗi.
"Su kam murmushi suke wa juna daga nesa.
Alheri ne, amma abin da ya zo a ɓagas
a rana ake mantawa da shi."

Sai Mirrihi, ya tsaya wa Rana ido cikin ido,
ɗari da tamanin, ba ragi.
"Igiya ce, ana ja ta baki biyu.
Kai ba mazauni ba ne, Evaristo.
Tafin ƙafarka ƙaiƙayin hanya yake."

Dariya ta ƙwace mini, har kyanwa ta farka.
Shekara arba'in da ɗaya ina shago ɗaya
ina tonon cikin agogon mutane,
ko Santiago sau biyu na taɓa zuwa,
ɗaya ma jana'iza ce.

Na miƙa mata takarda ta biyu.
Belisario. Ciki ɗaya, dare ɗaya,
na riga shi fitowa da minti goma sha ɗaya.
Yana da sha tara ya bi jirgin dakon kaya.
Wasiƙa daga Vigo, wasiƙa daga Busan,
hoto guda, ya tara gemu,
daga nan sai shiru mai tsawon teku.

Ta sa tabarau, ta sake awo.
Ta goge, ta sake.
"Bakin sama ya gusa da daraja uku.
Wata bai matsa kaurin zare ba.
Hararar nan ce, murmushin nan ne,
igiyar ma ita ce."

Na ce, to, cikinmu wa ya rayu a takardar,
wa ya yi mata ƙarya?

Ta daɗe tana rufe bakin biro.
"Ni kusurwa nake aunawa," in ji ta.
"Ban taɓa ganin igiya ta miƙe
ba mai riƙe da ɗaya bakin ba."

Kuɗin mutum ɗaya ta karɓa.

Da na fito, akwatin ƙarfe ya tashi aiki.
Na gangara da ƙafa, gwiwa na ƙara,
fitilun jirage sun bazu a ruwa,
na sama sun bazu a sama.
Na ɗaga kai ko zan gane Zuhal,
duk ɗigon haske ne a wurina,
ba wanda ya harare ni.

Akwai agogo guda a bangon shagona,
kusa da taga, mai baƙin katako.
Duk wanda ya shigo sai ya nuna shi:
"Maigida, wannan naka yana latti."
Nakan ce na sani,
in ba shi wani,
in ci gaba da aiki.