Yashi ko Tsakuwa

Buhu biyu na hau da su bene na bakwai,
ranar da lif ɗin gidanmu ya ƙi aiki, a zafin Manaus.
Ɗaya yashi ne, fari sol kamar garin rogo,
ɗaya tsakuwa, ja-ja-ja, mai surutu in an girgiza ta.

Zuleica mai shagon kifi cewa ta yi tsakuwa.
Saiwa tana son wurin numfashi, in ji ta,
yashi kuwa kwanciya yake ya danƙare,
bayan wata shida ki tona da yatsa
warin ruɓaɓɓen ƙwai ya taso miki.
Na yarda, na biya.
Na kai bakin titi, na dawo na sayi yashin ma.

Akwatin gilashi na jira a falo, ba ko ɗigon ruwa.
Tsirrai na cikin bokiti, sun sunkuyar da kai.
Diskus shida suna can shago da sunana a jikin tankinsu,
faffaɗa kamar faifai,
shuɗin zane a goshi, ido ja kamar gauta.

Babana Anacleto yana kujerar bakin taga.
Yana ta rufe masa ido biyu.
Shekara talatin da ɗaya ya yi a Barcelos
yana kama irinsu da tsakar dare,
tocila a goshi, kwalekwale ba motsi,
cikin rassan da suka nutse a baƙin ruwan Negro.
Kuɗin kifi goma ba ya sayen kwalbar kananzir.
Bai taɓa ganin ko ɗaya a bayan gilashi ba.

Ya ce, miƙo.
Ya zura hannu cikin tsakuwa, ya cire da sauri
kamar wanda ya gaisa da baƙon da bai kwanta masa ba.
A buhun yashi hannun ya daɗe.

Kin taɓa ganin yadda suke cin abinci? ya ce.
Hurawa suke yi.
Ya turo baki, ya hura tafin hannunsa,
yashi ya watsu a kan wandonsa.
Haka. Ƙasa ta tashi, tsutsa ta fito, su tsince.
Tsakuwa kuwa ko a jikinta.
Abinci zai faɗa tsakani ya ruɓe
kifi na tsaye yana kallo.

Na ce, to tsirran fa, Baba?

Ya yi dariya har da tari.
Waɗanne tsirrai?
Inda na kama su ba kore ko ɗaya,
sai matattun ganye da itace da duhu.
Lambun naki ne, Jucileide.
Su ba su roƙe ki ba.

Na wanke yashi sau tara a banɗaki
kafin ruwan ya daina fita kamar kunu.
Na zuba tsakuwa a baya, tudu guda, domin saiwoyi,
domin kaina ke nan,
na shimfiɗa yashi a gaba, bai kai gaɓar yatsa ba,
na jera duwatsu tsakaninsu, iyaka ta zauna daram.

Iyakar ta yi kwana goma sha ɗaya.
Yanzu tsakuwa ta gangaro, yashi ya haura,
kullum Asabar ina tsince ja daga fari da cokali,
ruwa har gwiwar hannu.
Zuleica ta zo ta gani, ta taɓe baki,
ta ce ganyen dai ya kama.

Da yamma nakan jawo kujerarsa gaban gilashi.
Ɗumin ruwan kawai yake ji a fuska.
In saki abinci, mu yi shiru.
Babban cikinsu, mai tabo a wutsiya,
ya karkata, ya sauko a hankali, baki ƙasa.

Ya hura? in ji Baba.

Tukuna.

Bar shi, ya ce. Kada ki motsa.